Gwamnatin da ke tsuke bakin aljihu, da me za ta gina gidaje?

Tambayar da aka aiko ita ce: duk sanda aka taso da maganar ƙarancin gidaje da tsadar haya sai 'yan siyasa su rabu gida biyu. Waɗansu su ce gwamnati ta ciwo bashi ta gina, waɗansu su ce bashi ya riga ya yi wa ƙasa katutu, a tsuke bakin aljihu a bar wa 'yan kasuwa aikin gini. Mai tambaya yana so ya san wa ke da gaskiya, kuma ko zaftare kuɗin gidaje daga kasafi yana rage wa gwamnati nauyi da gaske.

Malam, a ƙasar da gwamnati ta ɗaukar wa kanta alhakin kada iyali ya kwana a titi, zaftare kuɗin gini bai cika sauke nauyin ba, sauya masa kafaɗa yake yi. Kuɗin da ba a zuba a bulo da siminti ba zai dawo ta ƙofar tallafin haya da kuɗin masaukin wucin gadi. Amma su ma masu cewa a ci bashi a gina suna yawan tsallake abu uku da ke rusa lissafin: farashin fili, kuɗin ruwa, da kuɗin gyara.

Kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan muhalli iri biyu ne, kuma rabin gardamar daga cakuɗa su take fitowa. Akwai kuɗin manyan ayyuka, wanda ake biya sau ɗaya a sami gini da zai yi shekara sittin ko fiye yana kawo haya. Akwai kuɗin yau da kullum, kamar tallafin da ake ba talaka ya biya mai gidan haya, wanda in an biya na bana sai an sake biyan na baɗi, kuma ba ya barin komai a hannun hukuma. A takardar kasafi, duka biyun suna ƙara giɓi daidai da juna. Shi ya sa ministan kuɗi da ke neman rage giɓi cikin gaggawa yakan fara da na gini: babu wanda zai fito zanga-zanga saboda gidan da ba a aza harsashinsa ba, amma a taɓa albashi ko fansho a ga tashin hankali.

Birtaniya ce misalin da ya fi bayyana wannan, domin ta gwada hanyoyin biyu kuma alƙalumanta a buɗe suke. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bashin da ke kanta ya haura ninki biyu na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara. Duk da haka ta yi gini. A 1953, lokacin da Harold Macmillan na jam'iyyar Conservative ke ministan gidaje, an kammala gidaje sama da 300,000, kuma fiye da 200,000 daga ciki ƙananan hukumomi ne suka gina. Zuwa 1979 kusan ɗaya cikin kowane iyali uku a gidan hukuma yake haya. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo dokar Right to Buy, wato 'yancin ɗan haya ya saye gidan hukumar da yake ciki, da rangwamen da ya fara daga kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari, daga baya ya kai 70 ga masu zama a benaye. Wajen gida miliyan biyu aka sayar a Ingila kaɗai. Iyalai da yawa sun amfana, sun mallaki abin da za su bar wa 'ya'yansu, kuma bai kamata a raina wannan ba. Inda aka yi ɓarna shi ne hana maye gurbi. Dokar 1989 ta tilasta wa ƙananan hukumomi ware kashi 75 na kuɗin cinikin don biyan tsohon bashi, aka kuma ƙayyade musu cin sabo. Gida ya fita, wani bai shigo ba. Bincike daban-daban ya nuna wajen huɗu cikin goma na gidajen da aka sayar yanzu suna hannun masu ba da haya, wasu ma hukumar da ta sayar da su ce ke karɓar hayarsu da tsada don ta saka marasa muhalli. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga. Scotland ta soke shirin a 2016, Wales a 2019.

Sai aka zo 2010. Giɓin kasafi ya kai wajen kashi 10 na tattalin arziki bayan rikicin bankuna na 2008, George Osborne ya zama ministan kuɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu. A watan Oktoba na shekarar aka zaftare kuɗin gina gidaje masu rangwame da wajen kashi 60: daga fam biliyan 8.4 na shekara uku zuwa fam biliyan 4.5 na shekara huɗu. Don kada gini ya tsaya cak, aka ƙyale ƙungiyoyin gidaje, wato ƙungiyoyi marasa neman riba da ke gina gidajen haya masu rangwame, su riƙa karɓar hayar da ta kai kashi 80 na hayar kasuwa a sababbin gidaje, maimakon tsohuwar haya mai sauƙi da a wurare masu tsada ba ta wuce rabin ta kasuwa ba. Sababbin gidaje masu tsohuwar hayar, da suke kusan 40,000 a shekara a Ingila, suka faɗo ƙasa da 7,000 cikin shekara shida.

A nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi, domin ba a gane wannan canji sai da alƙalami. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, don a ga yadda sassan ke haɗuwa. A ɗauka gida ɗaya ya ci fam 250,000: fili 70,000, gini 150,000, sai hanya da magudanar ruwa da wuta da kuɗin masu zane 30,000. Haya mai sauƙi fam 7,000 a shekara. A cire 2,500 na kula da gyara, a cire 200 na watannin da gidan zai zauna babu kowa da hayar da ba za ta karɓu ba. Saura 4,300. Wannan ragowar ce kaɗai za ta biya bashi. In kuɗin ruwa kashi 3 ne, wa'adi shekara 40, fam 4,300 a shekara zai ɗauki bashin wajen 99,000 kawai. Sauran 151,000 dole ya zo a matsayin tallafin da ba za a mayar ba. Duk ɗan siyasar da ya ce gidan talaka zai biya kansa da kansa daga haya, wannan giɓin ne bai faɗa ba. Gaskiya ne haya tana ƙaruwa da hauhawar farashi alhali biyan bashin yana nan yadda yake, don haka shekarun ƙarshe sun fi na farko sauƙi, amma shekara goma sha biyar ta farko ce ke karya ƙungiya.

Yanzu a ɗaga hayar zuwa kashi 80 na kasuwa. In hayar kasuwa 12,000 ce, ya zama 9,600. Bayan cire kuɗin kula da na asara, saura wajen 6,800, wanda zai ɗauki bashin 157,000. Tallafin gini ya sauko zuwa 93,000. A takarda gwamnati ta tsira da 58,000 a kowane gida. To amma wa ke biyan ƙarin 2,600 ɗin nan duk shekara? In ɗan hayan yana karɓar tallafin haya, gwamnati ce, ta hannun wata ma'aikata dabam, har shekara arba'in. In aka mayar da wannan biyan zuwa darajar kuɗin yau, ya kai wajen 60,000, wato daidai abin da aka ce an tsira da shi. Ga kuma ƙungiyar gidaje tana cin bashi da ruwan da ya fi na gwamnati tsada. In kuwa ɗan hayan ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi da ke biya daga aljihunsa, to shi aka ɗora wa. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Kuɗin tallafin haya ya ci gaba da cin sama da fam biliyan 20 a shekara. Da aka ga ya ƙi sauka sai aka koma datse shi. A 2011 aka sauko da ma'aunin tallafin masu haya a kasuwa daga matsakaiciyar hayar unguwa zuwa hayar kashi 30 mafi araha, daga 2016 zuwa 2020 kuma aka daskarar da shi alhali haya tana hawa. A 2013 aka fara cire kashi 14 daga tallafin mai ɗaki ɗaya da aka ce ya yi masa yawa a gidan hukuma, kashi 25 ga mai biyu, ba tare da akwai ƙananan gidajen da za su koma ba. Ga yadda abin ke gudana a ƙasa: tallafi ya gaza haya da fam ɗari biyu a wata, uwa ta cike daga kuɗin cefane wata uku, a na huɗu ta kasa, mai gida ya ba ta takardar tashi, ta kwashi yara da jakunkuna zuwa ofishin ƙaramar hukuma. Doka ta wajabta wa hukumar ta sama wa mai yara wurin kwana, sai ta kama musu ɗaki guda a ƙaramin otal da ake biya kwana-kwana, ba wurin girki, makaranta kuma ta yi nisan mota biyu. Iyalai 48,000 ne ke irin wannan masauki a Ingila a ƙarshen 2010. Tun 2023 sun haura 100,000, kuma ƙananan hukumomi sun kashe sama da fam biliyan 2 a kai a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024. Babu kuɗin muhalli da ya kai wannan tsada, babu kuma wanda ya kai shi rashin amfani, ga yaran da ke tashi a ciki suna aikin makaranta a kan gado.

Duk da haka masu tsoron bashi ba tatsuniya suke yi ba. A ranar 23 ga Satumba 2022, gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji na wajen fam biliyan 45 ba tare da bayyana inda za a cike gurbin ba. Cikin kwanaki ruwan da masu ba gwamnati bashi ke nema ya yi tashin gwauron zabo, Babban Bankin Ingila ya shiga sayen takardun lamuni don kada asusun fansho su durƙushe, ruwan bashin sayen gida ya haura kashi 6. Masu ba da rance suna da iyakar haƙuri, kuma in suka juya baya, masu biyan bashin gida ne farkon shan wuya. A koma lissafinmu na ɗazu: in ruwa ya tashi daga kashi 3 zuwa 5, fam 4,300 ɗin nan bashin 74,000 kawai zai ɗauka, tallafin da ake buƙata ya koma 176,000. Wannan ne ya sa nake ganin babban kuskuren shekarun 2010 kuskuren lokaci ne. A lokacin gwamnatin Birtaniya tana samun bashi da ruwa mai arahar da ba a taɓa gani ba, magina suna zaune babu aiki, filaye sun sauko. Sannan ne aka janye hannu. Ƙananan hukumomi ma ba a cire musu takunkumin cin bashin gini ba sai a 2018, zamanin Theresa May. Lokacin da gwamnatin Labour ta yi alƙawarin gida miliyan 1.5 ta kuma ware fam biliyan 39 na shekara goma a 2025, komai ya riga ya ƙara tsada.

A fagen masana ma, hujjojin tsuke bakin aljihu a lokacin karayar arziki sun sha suka. Binciken Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na 2010, wanda aka riƙa kafa hujja da shi cewa bashin da ya wuce kashi 90 na tattalin arziki yana durƙusar da bunƙasa, an gano kuskuren lissafi a cikinsa a 2013. A farkon 2013 ɗin kuma Olivier Blanchard, babban masanin tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a lokacin, tare da Daniel Leigh, suka nuna cewa masu hasashe sun raina illar da zaftare kuɗi ke yi wa tattalin arziki. Sai dai wannan hujja da sharaɗi take. In magina ba su da aiki, kuɗin gwamnati yana tayar da su. In kuwa kowane birkila da kafinta da mai haɗa wuta yana da kwangila a hannu, ƙarin kuɗi farashin kwangila kawai zai ɗaga, a sami gidaje kaɗan da kuɗi mai yawa. Horar da birkila yana cin shekara biyu zuwa uku, kamfanin bulo kuma ba zai gina sabon murhu ba sai ya ga oda ta shekaru. Saboda haka matsakaicin kasafi da aka tabbatar na shekara goma ya fi babban kasafi na shekara biyu haihuwar gidaje. Ireland ta ɗanɗana ɗaya gefen: ta gina gidaje wajen 90,000 a 2006, kasuwa ta rushe, gini ya faɗo ƙasa da 10,000 a shekara, magina suka yi ƙaura zuwa Ostireliya da Kanada, da buƙata ta dawo aka rasa hannun aiki.

Fili shi ne abin da aka fi yin shiru a kansa a muhawara, alhali shi ke yanke hukunci. Gonar da ba ta da izinin gini, da zarar an ba ta izini darajarta kan ninka sau gommai, ba don mai ita ya ɗaga ko cebur ba, sai don hukuma ta sa hannu ta kawo hanya da ruwa. Tambayar ita ce wa zai ci wannan ƙarin. Sababbin garuruwan da Birtaniya ta gina ƙarƙashin dokar 1946, irin su Stevenage, an sayi filayensu kusa da farashin gona, ribar ta biya hanyoyi da makarantu. Dokar diyya ta 1961 ta sauya haka, ta sa dole a biya mai fili har da ribar da yake hangen zai samu nan gaba, sai a 2023 aka fara sassauta ta. Singafo ta bi ta wata hanya: ta kafa hukumar gidaje a 1960, ta yi dokar karɓar filaye a 1966, daga 1968 ta ƙyale ma'aikata su yi amfani da ajiyarsu ta dole wajen sayen gida. Yau gwamnati ke da wajen kashi 90 na ƙasar, kusan mutum takwas cikin goma kuma suna zaune a gidajen hukumar bisa yarjejeniyar shekara 99. Birnin Vienna na Ostiriya yana riƙe da gidaje wajen 220,000 nasa na kansa, yana da asusun sayen filaye tun 1984 da ke saye tun kafin a buƙata, kuma tun 2018 yakan sharɗanta cewa kashi biyu cikin uku na manyan filayen da aka ba izini su tafi ga gidaje masu tallafi. A lissafinmu, in fili ya sauko daga 70,000 zuwa 20,000, tallafi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ba tare da an taɓa ɗan haya ko Baitulmali ba. Masu filaye ne za su yi asarar ribar da suke jira, kuma su masu murya ne a siyasa, shi ya sa wannan gyara ke wuya.

Sai gyara. Gida na tsufa sashe-sashe, kowane da wa'adinsa: tukunyar ɗumama ruwa kusan shekara 15, kayan ɗakin girki 20, banɗaki da tagogi da wayoyin wuta wajen 30, rufi 50 zuwa 60. In ba a ware kuɗin waɗannan daga haya tun shekarar farko ba, ranar biya za ta zo asusu babu komai. Unguwar Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka ita ce darasin da kowa ke ambata: benaye 33 masu hawa goma sha ɗaya, an buɗe su a tsakiyar shekarun 1950, an fara rushe su a 1972. Gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, aka bar kula da gyara a kan haya. Da masu ɗan hali suka tashi, haya ta ragu, na'urar hawa bene ta lalace ba a gyara ba, bututu ya fashe, wasu suka ƙara tashi, haya ta ƙara raguwa. Masu adawa da gidajen gwamnati suna nuna shi a matsayin shaida, amma abin da ya kashe shi tsarin kuɗinsa ne da tara matalauta zalla a wuri guda. Vienna tana barin masu matsakaicin albashi su shiga, kuma ba ta korar wanda albashinsa ya ƙaru, don haka asusun haya yana da ƙarfi, unguwar kuma tana da masu kare ta ranar zaɓe. Ingila ta yi akasin haka a 2016, ta tilasta rage hayar gidajen hukuma da kashi 1 duk shekara har shekara huɗu don ta rage kuɗin tallafin haya, abin da ya ci kuɗin da aka tanada don gyara da sabon gini.

Akwai hanya ta uku da 'yan siyasa na kowane ɓangare ke so, wato ba mai saye tallafi. Shirin Help to Buy na 2013 ya ba mai sayen sabon gida rancen kashi 20 na kuɗin, kashi 40 a Landan daga 2016, shi kuma ya kawo kafin alƙalami na kashi 5. Ya yi farin jini domin wanda ya amfana ya san kansa. Amma inda gidaje ba su ƙaru ba, ƙara wa masu saye kuɗi yana ƙarewa ne a farashi, kuma da yawa cikin waɗanda suka karɓa za su iya saye ko babu shi.

Su kuma masu cewa a bar wa 'yan kasuwa suna da gaskiya a abu ɗaya: inda dokokin tsara gari suka hana gini, ko gwamnati ma ba za ta iya ginawa da sauƙi ba, kuma sassauta su yana rage tsada a hankali. Sai dai kamfani yana gini ne daidai saurin da zai sayar ba tare da farashi ya faɗi ba, kuma ba zai gina wa wanda ba zai iya biyan kuɗin ginin ba. Iyalin da ke iya biyan 7,000 a shekara ba abokin cinikinsa ba ne ko an ba shi fili kyauta.

Don haka in ɗan siyasa ya zo da alƙawarin gidaje, a tambaye shi nawa ne daga ciki za su kasance masu haya mai sauƙi, domin kalmar "mai rangwame" tana ɗaukar har gidan kashi 80. A tambaye shi adadin bayan an cire waɗanda za a sayar da waɗanda za a rushe, da farashin da zai sayi fili, da shekarun da kasafin zai ɗauka. In kuma ya zo da alƙawarin tsuke bakin aljihu, a nemi ya nuna abin da yake hasashen tallafin haya da masaukin wucin gadi za su ci nan da shekara goma, a ɗora kusa da abin da ya ce ya rage. A misalinmu, iyalin da gwamnati ke biya wa 12,000 a gidan kasuwa, in ya koma gidan 7,000, ana rage 5,000 a shekara, tallafin 151,000 ya dawo cikin shekara talatin, gidan kuma yana da sauran shekara talatin a gaba. In daga otal ɗin kwana-kwana aka ɗauko iyalin, wa'adin yakan ragu da rabi ko fiye. In kuwa fili ya yi tsada, ruwa ya kai kashi 5, aka kuma bar ƙofar sayar da gidan da rangwame bayan 'yan shekaru a buɗe, kuɗin ba zai dawo ba.